Iskar da Auta Ta Ajiye Gefe

Auta tana zaune kusa da babanta a layin asibitin ido lokacin da wayarta ta yi ƙara. Sakamakon lissafin da ta bar wa kwamfutar jami'a tun shekaranjiya ne ya iso. Ta duba sau ɗaya, ta kife wayar a cinya.

"Lafiya?" in ji Baba. An ɗiga masa magani, hawaye na bin kumatunsa.

"Lafiya lau."

"Hannunki ya yi sanyi. Taurarin ne suka yi miki gardama?"

Shekara uku ta yi tana auna yadda gungun taurari suka tattaru a sararin samaniya, wani wuri cunkus, wani wuri fayau. Awonta ya nuna cunkoson bai kai yadda masana suka yi hasashe ba. Farfesanta ya ce sabon abu ne, ya sa ta cikin masu jawabi a taron jibi, har ya fara kiranta Dakta a gaban mutane.

"Baba, yawancin nauyin sama wani abu ne da ido ba ya gani. Shi na bi. Sauran, irin abin da aka yi ni da kai da bencin nan da shi, bai taka kara ya karya ba, sai na ajiye shi gefe."

"To?"

"Ashe a tsakiyar manyan gungun akwai wani abu da ake kira baƙin rami, mai huro iskar gas mai zafi waje, nesa ƙwarai. Tana fita sai nauyin ya bazu, cunkoson ya ragu. Yanzu na sa ta a lissafi, bambancin da na samu ya ɓace. Ban gano komai ba."

Baba ya ɗaga kai yana kallon fitilun rufi. "Maganin nan ya sa kowace fitila ta yi gashi," ya ce a hankali. "Kamar suna iyo cikin ruwa."

Ita kuwa ta lumshe ido. Sai ta ga iskar tana tafiya cikin duhu, ja-ja, ba sauri, shekaru miliyoyi ba ta gamu da kowa ba. Tarin wata tsohuwa ya dawo da ita kan benci.

"Wa ya sani?" Baba ya tambaya.

"Ni kaɗai. Sai kai."

"Ni yau makaho ne, ba a kafa shaida da ni."

Ta yi dariya. In ta yi shiru, sai a yi shekara biyu kafin wani ya lura da kuskuren.

Nas ta leƙo ta kira Baba. Auta ta raka shi har kujerar likita, sannan ta fito baranda ta buga wa Farfesa. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Tana jin fankar ofishinsa tana juyawa.

"An riga an buga takardar taron," ya ce.

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To me za ki tsaya ki gaya wa mutum ɗari biyu?"

Ta dubi filin ajiye motoci, inda zafin rana ke rawa a kan kwalta.

"Abin da na gaya maka," ta ce. "Minti nawa aka ba ni?"