Goben Malam Sulaimanu

Malaz ba ta taɓa shiga gidan wasan kwaikwayo ba sai da ta ga sunan mahaifinta a takardar talla, a ƙofar wani shagon littattafai na unguwar Darrasa. Wanda ya rubuta wasan Amjad ne, ɗan gwaggonta, da ya karanci falsafa. A Hartum ya tashi, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Wata huɗu ya yi yana zuwa unguwar Hayyin Ashir duba mahaifin nata, Malam Sulaimanu tela, a jinyarsa ta ajali, da ɗan littafi a aljihu. Ita kuwa ta ɗauka zumunci ne.

Bayan la'asar ta zauna a layi na uku. A dandalin wasan ga wani tsoho kwance a gado babu katifa. Ko me aka tambaye shi, sai ya ce da Larabci, "Bukra," wato gobe, jama'a su kwashe da dariya. Da kalmar a bakinsa ya mutu.

Da aka gama, Amjad ya zauna gaban malaman jami'a da 'yan jarida. "Kawuna ne ya nuna mini," in ji shi, "cewa tsoron mutuwa ke sa mutum ya ƙirƙiro goben da ba za ta zo ba. Bayan wannan babu wata ma'ana."

Malaz ta ɗaga hannu. Da Larabcin makaranta ta yi magana, don kada harafi ɗaya ya wuce malaman.

"Ustaz Amjad, ni ce 'yar mamacin. Me ya ce maka da bakinsa, kafin ka fassara?"

Ya yi yaƙe. "Kullum in zan tafi sai ya ce, sai gobe."

"Wace goben?"

"Gobe ai gobe ce, Yaya."

"A wurinka. A Hausa biyu ce: akwai ta bayan barci, akwai gobe kiyama. Ranar da likita ya sallame shi, ya ce babu sauran magani, da kansa ya auna likkafaninsa, ya yanka da almakashinsa. Mai yin haka ba wayewar gari yake jira ba. Sallama yake yi maka, ƙanena, zuwa ranar haɗuwa. Kai ne mai tsoro, ka ara masa."

Wani dattijon malami ya tuntsire da dariya, ya rufe littafinsa. Sauran suka bi shi.

A bakin ƙofa Amjad ya cim mata.

"Ma'alish, yi haƙuri, Yaya. Da kin ja ni gefe."

"Kai gefe ka ja shi? Ka cire sunansa kafin Juma'a. Khalas, shi ke nan."

Ta gyara mayafinta, ta duba zuciyarta ko za ta sami nadama, ba ta samu ba. Ta san istigfari na kanta, kuma za ta yi. Amma sai ta ga an cire sunan tukuna.