An Ce An Rubuta Muttaka Mace

A wajen sunan jaririn Nuriyya maganar ta fara yawo a unguwar Bukit Jalil da ke Maleshiya: wai hukumar shige da fice ta rubuta mijinta Muttaka mace. Hajiya Barira, goggonsa da ta zo daga Kano taya jego, tana raba waina ta tsinci zancen. Nuriyya ce ta samu tallafin karatun digiri na uku, shi kuwa ya biyo ta da bizar rakiya. Ita kuwa wannan biza, in ji mata, ta matan ɗalibai ce, sai an mai da mutum mace a takarda ake ba shi.

Ba a jima ba samari a masallaci suka fara ce masa Hajiya Muttaka. Ya dawo ya sauko da akwati.

"Goggo, gida zan koma."

"Ka bar yarinya da ɗanyen jego da yara biyu? In na tafi wa zai riƙe mata su? Ajiye karatun za ta yi ke nan. Kai ka gani da idonka?"

"Fasfon yana makaranta, ana sabunta biza."

"To wa ya gani?"

"Kowa ya sani, Goggo."

Barira ta tsufa tana koyarwa a sakandare, kuma ba ta taɓa ba ɗalibi maki a kan "kowa ya sani" ba. Ta yafa mayafi ta sauka shagon shayin da ake ce wa mamak, inda Zulkiflu mai karatun lauya ke shan shayi. Da ta kawo masa zancen, ya gyara zama ya ce a dokokin Turai yanzu jinsi biyu ake magana: wanda aka haifi mutum da shi, da wanda yake ɗaukar kansa, har kotuna na jayayya kan wanne dokar daidaito take nufi.

"To wanne aka ba Muttaka?"

"Ai Hajiya, ya danganta."

"Da me?"

"Da ƙasar."

"Mu a wace ƙasa muke, ɗan nan?"

Ya kurɓi shayi. Abokinsa Imran ya ce sam, a nan ba a san wannan ba, tun daga Abuja aka yi aika-aikar. Suka kaure da musu, suka manta da ita. Ta tashi kanta ya fi na ɗazu ɗaurewa, har sai da ta zaro nata fasfon a mota ta duba abin da aka rubuta ta.

A ofishin ɗalibai baƙi na jami'ar, wata Bamaleshiya mai hijabi ta saurare ta, ta ce "boleh, boleh", wato ba matsala, ta ɗauko fasfon. Namiji. Barira ta goge tabarau ta sake dubawa. Namiji dai. Matar ta ce bizar ta miji ce ko matar ɗalibi, ba a bambanta ba, sai dai fasfonsa a cikin ƙunshin na matan aure ya zo, wanda wata Hureira ke kawowa.

Hureira ce shugabar ƙungiyar mata. Barira ta kira ta tun kafin ta bar ofishin.

"Wallahi Hajiya, ni duk mai bizar rakiya nake karɓar fasfonsa, in sa lambarsa a guruf ɗinmu na WhatsApp saboda sanarwa. Tunda muke ba mu taɓa samun namiji ba. Nuriyya ta miƙo, na haɗa."

"Guruf ɗin da kuke tallan turaren wuta?"

"Shi. Wata ce ta hango hotonsa a ciki, da gemu da hula, ta ce lallai da dalili."

Barira ta samu Muttaka yana ɗaure akwati, Nuriyya na zaune da jariri ido ya yi ja. Ta ɗora ƙafa a kan akwatin.

"Namiji aka rubuta ka, na gani. Miji ko matar ɗalibi dokar ta ce. Hureira ce ta sa ka a guruf ɗin mata."