Takunkumin Lauwali

Lauwali bai san kamannin da aka haife shi da su ba. Yana ɗan yaye wani ciwo ya kama shi a dasashi, a ƙauyensu can bayan Goronyo, ya cinye leɓensa na sama da gefen hancinsa na hagu kafin ya sake shi. Daga baya an kai shi asibiti a Sakkwato, likitoci suka janyo fata suka rufe inda zai rufu. Amma haƙoransa na gefe suka ci gaba da zama a waje, maganarsa kuma ta hanci take fita. Da haka ya girma har ya haura talatin. Bai yi aure ba, ba ya zama a majalisa, ba ya cin abinci cikin taro. Daga gida sai fadama, da ɗan rawani ya rufe baki, yana ban ruwan albasa shi kaɗai.

A shekarar da cutar korona ta shigo, 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Shi da mahaifiyarsa, Inna Husainatu, suka sha da ƙyar, suka taho Wurno wurin ƙanenta Alhaji Sa'adu, mai kantin kayan masarufi a bakin kasuwa. Lokacin hukuma ta ce duk mai shago ya sa takunkumi, ya ajiye bokitin wanke hannu a ƙofa. Mutane na ta gunaguni, wasu na cewa takunkumi ai na raƙumi ne. Alhaji Sa'adu kuwa ba ya iya jure abin, yana sa shi sai numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Wata safiya ya dubi ɗan yayarsa yana jido buhunan sukari, ya ce, "Lauwali, zo ka zamna nan gaba. Ni na gaji da wanga ƙyalle. Kai ka sa shi ka tsare mini kantin."

Lauwali ya karɓi takunkumin, baƙi ne na yadi, telan unguwa ya ɗinka. Ya shiga bayan kanti ya ɗaura, ya fito. Mutum na farko da ya shigo sabulu ya saya. Ya dubi Lauwali ido cikin ido, ya ce, "Sannu da aiki," ya tafi. Shi ke nan. Bai kawar da kai ba, bai tsaya kallo ba. Lauwali ya daɗe tsaye, ya dafa teburin kanti, yana jin wani abu da bai san sunansa ba yana yawo a ƙirjinsa.

Ashe yana da hira. Shi kansa bai sani ba sai a wannan kantin. Maganarsa da ke fita ta hanci, kowa ya ɗauka takunkumi ne ya toshe ta, tunda ta kowa ma haka take fita a lokacin. Ya koyi tsokanar masu kabu-kabu, ya san wace tsohuwa ce ke son a cika mata awo har ya yi tozo, ya san wanda zai tsaya ciniki a kan ashana. Akwai wata bazawara, Mas'uda, mai toya fanke, da ke zuwa sayen fulawa da yis da kanta. Takan jingina da ƙyauren kanti ta ce, "Malam Lauwali, idanunka dariya suka yi ko da kana aunawa. Ko dai ƙwarata kaka yi?" Sai ya ƙara mata rabin gwangwani, ya ce ai gyara ce. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma ranar da ba ta zo ba, yakan ji kasuwar ba ta ci ba.

Abinci kuwa a sito yake ci, bayan buhuna, ya juya baya. Alwala a gida. A Wurno duka, ban da Inna da kawunsa da iyalinsa, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan.

Sannu a hankali dokar ta saki. Bokitan wanke hannu suka koma na ɗiban ruwa, takunkumi ya koma ƙasan haɓa, daga nan ya koma aljihu, daga nan ya ɓace. A layin kantunan bakin kasuwa mutum biyu kawai suka rage da shi: Lauwali, da Zaharadeen mai kemis. Shi Zaharadeen mahaifinsa ya rasu a farkon annobar, bayan tari da zazzaɓi na 'yan kwanaki, kuma yana sauraron rediyo kullum, yana jin ana cewa cutar ta sake dawowa da wani sabon salo. Shi ya sa ya kafe, har yana kai ƙorafi wurin shugabannin 'yan kasuwa cewa a maido da dokar a cikin shaguna, inda iska ba ta ratsawa. Lauwali ya fake a bayansa. Duk wanda ya tsokane shi, sai ya ce, "Ni da mai kemis, mu ba mu yarda ta wuce ba."

Ana cikin haka labari ya zo daga Rabah. Ranar kasuwa, da rana tsaka, wasu mutane suka shiga shagon wani mai sayar da shinkafa, fuskokinsu rufe da takunkumi kamar masu gudun cuta. Ba wanda ya kula su. Suka tsaya ciniki, suka ƙare wa wurin kallo, suka tafi. Kwana kaɗan bayan haka aka tare mutumin a hanyar Gandi aka yi daji da shi. Ko su ne, ko ba su ba ne, ba wanda ya tabbatar. Amma kafin Juma'a ta zagayo, duk yankin ya ɗauka cewa takunkumi ya zama rigar masu kai wa ɓarayi rahoto.

Aka kira taron masu shaguna bayan La'asar, a rumfar masu hatsi. Alhaji Sa'adu ya ce Lauwali ya rufe kanti ya biyo shi. Suka tarar an cika, wasu kan benci, wasu kan buhuna. Ƙasimu, shugaban 'yan sintirin garin, yana tsaye da sandarsa, idanunsa jajur don rashin barci.

Zaharadeen ya fara magana. Ya ce cutar ba ta tafi ba, an dai gaji da ita ne. Ya ce tsofaffi na shigowa kemis ɗinsa suna tari, ɗaki ƙarami, ba taga. "Ni na wanke mahaifina da hannuna," in ji shi. "Ba labari anka ba ni ba. Mi za ya rage ku in kun rufe hanci na ɗan lokacin da kuke cikin shago?"

Wani mai sayar da atamfa ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Amma tun da anka fara, wa ka gani ya faɗi cikin kasuwar ga? Zazzaɓin sauro ya fi ta kisa, ba mu rufe fuska ba."

"Ba kowa ka gani ba ai," Zaharadeen ya amsa. "Wanda ya kwanta gida ba ya zuwa kasuwa ya gwada maka."

Aka yi ta yi. Wani ya ce abin na Turawa ne, wani ya ce a'a, har a Makka an sa. Wani dattijo ya ce shi ba ya jin magana sosai, bakin mutum yake kallo, tun da aka zo da takunkumi ya koma kamar kurma. Ƙasimu ya bari suka gama, sannan ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ni ban san korona ba," ya ce. "Ban ce babu ita ba. Amma na san abin da ka ɗaukar mutane. Yarana na kwana bakin gari, ba su ganin gidajensu. In mutum ya shigo da fuska rufe, ya za mu yi mu gane ɗan gari ne ko baƙo? Cutar ga in ta kama ka, kana gida gaban iyalinka. Waɗancan in sunka kama ka, ko gawarka ba a gani. Ku zaɓa."

Daga can baya ne wani matashi mai cajin waya ya ɗaga murya.

"To ga wani nan ma. Tun da ya zo garin ga, wa ya taɓa ganin fuskatai? Kuma daga can wajen daji ya hito."

Duk aka juyo. Lauwali ya ji kamar an kwara masa ruwan zafi. Ya dubi kawunsa. Alhaji Sa'adu ya yi gyaran murya, ya ce, "Ɗan yayata ne. Ni na san shi. Yana da lalura."

"Wace iri?" wani ya tambaya.

Alhaji ya kawar da kai. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa iya tsayawa gaban taro ba.

Ƙasimu ya matso, ya sassauta murya. "Malam Lauwali, ba mu zarge ka ba. Amma ka ji abin da anka ce. Buɗe su gani, magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa."

Lauwali ya so ya ce a je gefe, shi da Ƙasimu kaɗai. Amma ya ga in ya roƙi haka, zargin zai bi shi har gida, zai bi Inna da ke zaman alfarma a ɗakin ƙanenta. Ya kai hannu bayan kunne, ya zare igiyar.

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi masa sauƙi, ya saba da ita tun yana yaro. Wani ya ce, "Subhanallahi." Mai atamfa ya sunkuyar da kai. Matashin nan ya ja da baya ya ɓuya a bayan mutane. Ƙasimu ya ɗaga hannu kamar zai dafa shi, ya fasa, ya ce, "Mayar, mayar. Ka yi haƙuri, bawan Allah. Wallahi ban sani ba."

Aka yanke hukunci kafin Magariba: daga ranar ba mai shiga shago ko tsare shago da rufaffiyar fuska. Zaharadeen ya ce shi a kemis ɗinsa ba zai cire ba, aka ce masa to shi kaɗai, tunda kowa ya san shi. Sannan aka ce Lauwali ma an yafe masa, saboda lalurarsa. Da babbar murya aka faɗa, don kowa ya ji an yi adalci.

Washegari ya ɗaura takunkumi ya buɗe kanti kamar kullum. Amma yanzu duk wanda ya shigo, ƙyallen yake kallo, yana neman inda ya lotsa. Masu kabu-kabu suka daina tsokanarsa, sai gaisuwa mai tsawo irin ta wanda ya zo duba marar lafiya. Wata mata ta ce a kira mata Alhaji ya auna mata garin, ita tana da goyo. Zaharadeen ya bi layin yana bayani cewa ciwon yarinta ne, ya warke tun tuni, ba a ɗauka. Aka ce masa to, an ji. Masu sayen kayan ci dai suka ci gaba da raguwa.

Mas'uda ta zo bayan kwana biyu. Ba ta jingina da ƙyaure ba. Ta ce, "Malam Lauwali, na ji abin da anka yi maka. Ba su kyauta ba. Allah ya ba ka ladan haƙuri." Da gaske take. Ya auna mata fulawa, ya ƙara rabin gwangwanin. Ta yi godiya idonta a ƙasa. Ya tsaya yana jiran ta ɗago ko sau ɗaya, har ta fita.

Alhaji Sa'adu ya yi ta kewaye-kewaye kusan mako kafin ya furta. Ya ce tunda an daina sa takunkumi, zai koma gaba da kansa, Lauwali ya riƙa kula da sito. "Na ɗan lokaci ne, kafin mutane su manta."

"Ba komi, Kawu," in ji Lauwali.

Ya yi 'yan kwanaki a siton, cikin buhuna, yana jin hirar kanti ta bayan bango. Sai ya ji wani manomi na neman wanda zai zauna masa a gonar albasa can wajen Dinawa, inda ma'aikata suka guje saboda ana ganin baƙin babura a gefen fadamar. Lauwali ya je ya ce zai yi.

Inna Husainatu ta riƙe masa riga da safen da zai tafi. "Daga can munka gudo, Lauwali. Mi za ka koma nema? Nan ko ba komi akwai mutane."

"Shi ya sa, Inna," ya ce.

Ta yi kuka, ta kira ƙanenta ya sa baki. Alhaji Sa'adu ya zo ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya ce a dai yi ta addu'a. Lauwali ya ɗaure tabarmarsa da buta da fartanya, ya durƙusa ya nemi gafararta. Mai babur ɗin da ya ɗauke shi ya ce iyakarsa bakin titi, ba zai gangara fadama ba. Nan ya sauke shi, ya juya da sauri. Lauwali ya saɓa kayansa, ya bi 'yar hanyar da ta ratsa cikin gonaki da ƙafa.