Wutsiyar Kulɓa a Firjin Gida

Dakta ta hau benen gidanta da gudu, jaka na dukan cinyarta. Ba ta gama digirin digirgir ɗinta ba tukuna, amma 'yan gidansu sun riga sun laƙaba mata sunan. Ƙanwarta ce ta kira ta a wurin aiki ta ce, "Mama fa ta zo, tana wanke miki firij."

Firizar ɗakin bincikensu ta lalace, shi ya sa ta kawo akwatin samfurinta gida. A ciki akwai guntun wutsiyar wata kulɓar kan dutse, ita kaɗai ta taɓa kamawa bayan ta sha faɗuwa a bayanta. In wutsiyar ta narke ta ruɓe, bincikenta ya bi ruwa.

Ta tarar da firij a buɗe, wayam, yana ƙyalli.

"Mama, ina ƙaramin akwatin nan?"

"Ko gaisuwa babu?" in ji Mama, tana matse tsumma. "Yana cikin kular can, na zuba masa ƙanƙara. Na ce abin da aka ɓoye a sanyi haka, ai magani ne."

Dakta ta buɗe kular, ta taɓa kwalaben da ke cikin akwatin. Suna nan daskare. Daɗi ya kama ta har ta zauna a ƙasa tana dariya, kuma daɗin ne ya kwance mata baki.

"Ba magani ba ne, Mama. Wutsiyar kulɓa ce."

Mama ta saki tsumman. "Kulɓa? Kusa da madarar jikokina? Kuma na ɗauka da hannuna!" Ta fizgi akwatin ta nufi kwandon shara. "Yau ƙazantar nan za ta bar gidan nan."

Dakta ta san uwarta, roƙo ba ya juya ta. Sai ta sha gabanta tana bayani da sauri: so take ta gano ko kulɓar dutse da ta kwari dangin juna ne. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wani ɗan abu mai ba ta ƙarfi, yana ɗauke da nasa gadon, shi take karantawa. Ta wajen uwa kaɗai yake saukowa, daga kaka zuwa uwa zuwa 'ya.

Mama ta tsaya, akwati a sama da kwando. "Uban fa?"

"Ba shi da ko ɗigo a ciki."

"A kulɓa kawai, ko har mutane?"

"Har mu. Nawa naki ne, na yarana ma naki ne."

Tun Dakta na goye dangin miji suke ce wa Mama yarinyar nan ubanta ce sak, hanci nasa, ƙwaƙwalwa tasa, kamar ita hayar cikinta kawai aka yi. Abin ya daɗe yana ci mata rai.

Ta jona firij da kanta, ta buɗe wajen ƙanƙara, ta ture naman gefe, ta zaunar da akwatin a tsakiya. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan ta goge a zani ta gyara zama.

"Kira min babanki," ta ce. "Ki sa a lasifika, ki maimaita masa a hankali."