Faifan da Tahir Bai Buɗe Ba

Motar kwashe kaya ta riga Idrissa isa ƙofar gidan. Tun daga kwanar layin ya hango ta, ƙatuwa, bayanta a buɗe, wasu ƙarti biyu suna cusa mata kujerun falon Tahir. Da hantsi ya baro Washington da niyyar ya yini da abokinsa Tahir a Woodbridge, amma babbar hanyar 95 ta yi halinta, ta riƙe shi a tsakanin manyan motoci har rana ta karkata. Duk wanda ya ce maka yanzu-yanzu zai je Woodbridge ya dawo ranar Asabar, to bai taɓa zuwa ba.

Gobe da safe Aliyya, 'yar Tahir ɗaya tilo, za ta tafi da mahaifinta Texas inda take aikin likita. Ba tafiyar dawowa ba ce, kowa ya san haka, ba dai mai faɗa. Kuma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Tahir kafin azumi, bai sake gane Idrissa ba. Abin da ya kawo Idrissa yau ƙarami ne a baki. Yana so ya ce wa abokinsa su yafi juna, kamar yadda ake yi in za a rabu. Amma yafiyar mutumin da bai san wa ke roƙonsa ba, wace irin yafiya ce? Ya sha zuwa asibiti ya riƙe hannun Tahir, shi kuwa ya dube shi da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya yi ɓatan gida. Wannan kallon ne yake hana Idrissa cin abinci.

Sun yi aiki tare tun suna da baƙin gashi, a sashen Hausa na wani gidan rediyo da ke kudu maso yammacin birnin Washington. Idrissa, mutumin Damagaram, shi ke gabatar da shirin zaɓen faifai na ranar Asabar. Tahir Bakano ne, injiniyan situdiyo, yana zaune a wajen na'urori yana ba da hannu in lokacin magana ya yi. Faɗansu guda ne, kuma bai taɓa tsufa ba. Idrissa ya taso a ƙaramin gidan rediyo inda mai magana shi ne mai sa faifai, don haka hannunsa ya saba da wata ɗabi'a: in ya ɗora allura ya ji kiɗa ya fara, sai ya danne faifan da yatsa, ya murza shi baya, ya murza gaba, har ya tsaya daidai bakin waƙar, don da ya saki faifan ta fito ba jira. Aiki ne mai kyau ga mai sauraro, mugu ne ga faifai, domin allurar tana cinye farkon waƙar har ya koma ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙwai. Tahir ya mari bayan hannun nan ya fi a ƙirga.

Da suka yi ritaya, sa'o'insu suka shiga gine-gine a gida, Tahir kuwa ya shiga tara faifai. Kiɗan rok yake so, na Turawan nan masu dogon gashi da jita mai kuka, wanda ya fara ji a shagunan Sabon Gari yana saurayi. In faifai ya cika shekara arba'in ko hamsin da fitowa, sai kamfani ya gyara sautinsa ya sake buga shi da kauri, da lamba a bayan kwalin, kuma Tahir ba ya runtsawa sai nasa ya iso. Kafin ya taɓa ɗaya sai ya wanke hannu kamar zai ci tuwo. Idrissa kuwa an yanka masa iyaka, kujerar da ke can gefen taga. Ko kwali bai taɓa riƙewa ba.

Aliyya ta tare shi a bakin ƙofa, ta ɗan rusuna.

"Baba Idi, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi." Ta rage murya. "Amma jininsa ya hau da safe. Wannan hayaniyar ce. Don Allah a bi shi a hankali, in ya ƙara hawa ba zan iya sa shi a jirgi ba, kuma ga gidan babu ko gado."

Ɗakin faifan yana ƙasa. Kantocin da a da suke cike har sama sun zama wayam, akwatunan kwali jere a bango an manne bakinsu. Garmahon kawai ya rage a kan teburinsa, da sifikoki biyu. Tahir yana kan keken guragu kusa da teburin, an juya shi yana fuskantar taga, hannun damansa a kan cinya kamar ba nasa ba.

"Salamu alaikum, Malam Tahir," in ji Idrissa, ya durƙusa a gabansa duk da gwiwarsa ba ta so. "Ni ne Idi."

Tahir ya motsa leɓe ya amsa sallamar, don ita ba ta bar shi ba. Ya dubi Idrissa da wannan ladabin, ya mai da idonsa kan bishiyar da ke waje.

Idrissa ya yi ta magana. Ya ambaci tsohon situdiyo, ya ambaci ranar da dusar ƙanƙara ta rufe su a ofis suka kwana a kan tebura, ya ambaci marigayiya Hajiya Sailuba, matar Tahir, da dambun da take aiko musu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sa jama'a su bar aikinsu su matso kusa da rediyo, yau ya kasa jawo ido biyu daga kan bishiya. Daga sama yana jin ƙarar ana jan firiji.

Can ya tuna. 'Yan kwanaki kafin Tahir ya faɗi, ya buga masa waya yana murna kamar yaro ranar salla. Faifan da ya fi ƙauna a duniya ya cika shekara hamsin, sabon bugun ya iso. "Sai ka zo za a buɗe," ya ce. "Ni zan buɗe. Kai ka zauna a kujerarka."

"Aliyya, ina faifan nan da ya zo masa na ƙarshe? Mai jan kwali?"

Fuskarta ta canza. "Yana cikin jakata. Da shi zan shiga jirgi."

"Kawo mu sa mishi."

"A'a, Baba." Hausarta ta fara tsinkewa, kamar kullum in ranta ya ɓaci, Turanci yana leƙowa. "Na sa masa waƙoƙin a waya, every day, ko motsi ba ya yi. Wannan kuma Abba bai buɗe ba. Shi ne abu na ƙarshe da ya saya da kansa. In ya warke shi zai buɗe."

Ta faɗi "in ya warke" tana kallon ƙasa. Likita ce, ta fi shi sanin abin da hoton ƙwaƙwalwar ya nuna. Idrissa ya ji tausayinta har cikin ƙashinsa, amma bai janye ba.

"Ɗiyata, ke za ki tahi da shi. Gobe kina da shi, jibi kina da shi. Ni yau kaɗai gare ni."

Ɗaya daga cikin ƙartin ya leƙo daga matakala, ya tambaya da Turanci ko ya kwance na'urar, domin ita ce ta rage kuma suna so su kama hanya. Aliyya ta ce ya ɗan jira. Ta hau sama, ta dawo da faifan a rungume a ƙirji.

"Waƙa ɗaya," ta ce. "Kuma in na ga numfashinsa ya canza, zan kashe."

Ledar da aka rufe kwalin da ita tana ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Idrissa ya sa farce a gefenta. Sau ɗaya ake buɗe irin wannan abu, ya ji Tahir ya faɗa ba adadi. Ya tsaga. Ƙarar ledar ta cika ɗakin da babu kaya, ya saci kallon abokinsa yana jiran tsawa, har yana fatan ta. Tahir yana kallon bishiya.

Ya zaro faifan, baƙi wuluk, mai nauyi a hannu. Ya ɗora, ya sauke allura. Jita ta fara a hankali, ganga ta biyo, sannan muryar Baturen nan da Idrissa bai taɓa fahimtar abin da yake wa ihu ba. Sautin ya fito tas, kamar mutanen suna tsaye a bayan akwatunan. Aliyya ta riƙe wuyan hannun mahaifinta tana jin bugun jininsa. Idrissa bai ɗauke ido daga fuskar Tahir ba. Ya jira wurin da jitar take tashi sama, wurin da Tahir ya saba rufe ido ya ɗaga yatsa ya ce kowa ya yi shiru. Wurin ya zo, ya wuce. Ko ƙifta ido bai ƙaru ba.

Waƙar ta ƙare.

"Shi ke nan, Baba," in ji Aliyya a hankali. Idonta ya cika. An tsaga ledar a banza, kuma dukansu sun san haka. Ƙaton ya sauko matakalar, naɗin salatif na manne akwati a hannunsa.

Idrissa ya ce, "Bon, sau ɗaya kuma. Daga farko. Wataƙila bai ji farkon ba."

"Baba Idi, please."

Bai saurare ta ba. Ya ɗaga allurar ya mayar bakin faifan. Kansa ya tafi wajen abin da zai ce in wannan ma bai yi ba, da yadda zai koma cikin cunkoson nan shi kaɗai da maganarsa a ciki. Bai san lokacin da hannunsa ya kama aikinsa na da ba. Jitar tana fitowa, yatsansa ya sauka a kan sabon faifan, ya danne, ya murza baya. Sifikokin suka yi wani gurnani, wuuu, ya murza gaba, ya sake murzawa baya.

"Baba! Me kake yi?" Aliyya ta miƙe da ihu.

Tas!

Marin ya sauka a bayan hannunsa, da zafi. Allurar ta yi tsalle ta ja wani mugun ƙara a kan faifan. Hannun hagun Tahir ne, mai lafiyar, kuma bai koma ba, ya damƙe wuyan hannun Idrissa gam. Fuskar ta juyo daga taga. Rabinta a shanye take, amma idon ya yi ja, kuma ba kallon baƙo ba ne.

"Idi." Maganar tana fita da ƙyar, a karkace. "Ɗan banzan... Damagaram. Za ka... cinye min faifai?"

Ƙaton ya tsaya a matakala ta ƙarshe, bai san me aka ce ba, amma ya san ba lokacin salatif ba ne. Ƙirjin Tahir yana hawa yana sauka da sauri. Aliyya ta kai hannu za ta zare wayar garmahon daga bango, ta tsaya, hannun yana rataye a iska. Tun kafin azumi ba ta ji ya haɗa kalma uku ba.

"Abba, ka kwantar da hankalinka," ta ce.

"Wa ya... ba shi?" Tahir bai kalle ta ba. "Na ce... kujera."

Idrissa ya durƙusa, hannunsa yana cikin riƙon. Bai san ko minti nawa wannan ƙofar za ta yi a buɗe ba, kuma yana tsoron in ya tsaya share hawaye ta rufe. Duk jawabin da ya shirya a cikin mota ya gudu.

"Tahir, gobe za ka tahi. Mun daɗe tare. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yahe mini. Ni na yahe maka duniya da lahira."

Tahir ya dube shi. Ya dubi kantocin da babu komai, ya dubi akwatunan, ya dubi 'yarsa. Idrissa ya ga lokacin da abin ya shige shi, domin riƙon ya ƙara ƙarfi har farce ya shiga fata. Faifan yana ta juyawa, allurar ta maƙale a inda ta ƙwarzane, tana maimaita guntun kiɗa ɗaya.

"Na yafe," in ji Tahir.

Ya haɗiye yawu, ya tattara sauran ƙarfinsa, ya nuna garmahon da haɓa.

"Ban da wannan."

Dariya ta ƙwace wa Idrissa tare da kuka, ya kifa goshinsa a kan hannun da ke riƙe da shi. Aliyya ta juya ta ce wa ƙaton su tafi da abin da suka loda, na'urar ta kwana, za ta san yadda za ta yi da ita.

Da Idrissa ya ɗago, idon Tahir ya fara komawa wajen bishiyar, amma yatsunsa ba su saki ba. Idrissa bai yi ƙoƙarin zare hannunsa ba. Da ɗayan hannun ya ɗaga allurar a hankali, ta gefe, yadda Tahir ya yi shekaru yana koya masa bai koya ba, ya mayar da ita farkon waƙar. Kafin jitar ta shigo, sai da aka ji ƙas-ƙas ɗin nan.