Fararen Kujerun Malam

Duk wanda ya bi layin nan da la'asar ya ga katifun bakanike zube a bakin kwata, ya kuma kau da kai. Kai ma da ka biyo, wayarka za ka zaro ka hau dubawa. Iska ce ta yaye wa bakaniken rufin ɗaki, ga wani hadarin ya sake haɗowa.

Malamin adabi, maƙwabcinsa, yana leƙe ta tagar falo. Ya zauna, ya miƙe, ya sake komawa taga. Da safiyar nan ya cika allo da bayanin mutanen da ake kira masu rufin asiri a cikin littattafai: ba su yi arziki ba, ba su kwana da yunwa ba, abin da suka fi tsoro a duniya tabo a kujera da bakin mutane. Har tebur ya buga, yana cewa irinsu ne ke kashe al'umma da "Allah ya kyauta". Ɗalibai suka yi ta tafi.

Matarsa ta shigo ta ce matar bakanike na tsaye a waje da jariri, a shigo da su falo kafin ruwa ya sauko. Malam ya dubi fararen kujerunsa, waɗanda ko ledarsu ba a cire ba, 'ya'yansa ma a ƙasa suke zama. Ya ce shi ba ƙi ya yi ba. Amma komai na gidan can baƙin mai ne, yaran kuma ba sa jin magana, ga shugaban makaranta zai zo jibi. Gobe dai zai tayar da maganar a taron unguwa.

"Taron ne zai tare ruwan?"

"Ba ki gane ba ne. Matsalar ta tsari ce."

"To, sannu, Malam Tsari."

Yayyafi ya fara buga kwano. Ta sa kafaɗa ta tura babbar kujerar jikin bango. Ya ce ta bi a hankali kada ta karce ƙasa, sai kuma ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Ta buɗe ƙofa. A waje bakanike na kokawa da katifa shi kaɗai, iska na neman ƙwace ta.

"Ga gefe ɗaya can ba kowa," in ji ta. "Je ka kama."