Sunan da Aka Rubuta a Shafi na Sittin

Ƙorafi na uku ya iso ranar Laraba da hantsi. A ƙa'idar ɗakin karatun, duk wanda aka kawo ƙararsa sau uku kan ɓata littafi, za a karɓe katinsa na aro. Mai kula da ɗakin, wadda kowa ke kira Anti, ta ajiye littafin a kan teburinta, ta buga wa mutumin waya.

Tsoho ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da fayilolin 'yan sanda kafin ya yi ritaya, shi ya sa ake ce masa Baba Rajista. Bai taɓa kama ɓarawo ba. Aikinsa shi ne ya buɗe fayil, ya rufe fayil. Tun rasuwar matarsa yake hawo benen nan sau biyu a mako, ya wuce kai tsaye zuwa kantar ƙarshe ta wajen taga, inda ake jera littattafai masu baƙin bango. Labarinsu kusan ɗaya ne: tsohon gida a kan tudu, maigida wanda ba ya tsufa, baƙuwar da ta zo aiki ta kamu da sonsa, sai gawa a ƙasan matakala.

Wadda ta kawo ƙarar ma'aikaciyar jinya ce, ta biyo daga asibiti da fararen kayanta. Ta ƙi zama har tsohon ya iso.

Anti ta buɗe shafi na sittin ta tura masa. A gefen shafin an rubuta da fensir: "Maigidan ne. An rufe." Ƙarƙashinsa kwanan wata da sa hannu.

"Baba, rubutunka ne?"

Ya sa tabarau ya duba. "Nawa ne. Ba na musun sa hannuna."

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe," in ji ma'aikaciyar jinyar. "Ina tsakiyar son mutum, ka zo ka sa masa ankwa."

"'Yata, ba ni na kama shi ba, shaida ce. Ya ce bai fita ba, ga laka a takalminsa. An tambaye shi inda yake, ya juya ya kalli taga. Mai gaskiya ba ya kallon taga."

"Mutum ya yi shekara ɗari uku yana jiran mace ɗaya, kai laka ce ta tsone maka ido?"

"Na ga masu jira da yawa a cikin fayil."

Ta ajiye jakarta a kan kujera. "Ka san abin da ke kawo ni nan? A wajen aikinmu mutum zai mutu, a ja labule, a canza zanen gado, kafin azahar an kwantar da wani. A littafin nan kuwa yarinyar da aka kashe tana yawo a baranda, ba ta barin kowa ya sake sai an faɗi suna. Kuma ina so in ji tsoron mutumin nan, in kuma so shi, har shafin ƙarshe. Rashin sanin nan na zo aro. Shi ka ɗauke min."

Tsohon ya gyara tsayuwa. "Ni ma don yarinyar nake zuwa. Ranar da na bar ofis, akwai fayiloli sama da ɗari biyu da ba suna a ƙarshensu. Babu ko ɗaya cikin mamatan da ya dawo ya tambaye mu. To in na ga suna a fili ban rubuta ba, sai in ji kamar sakaci na yi."

Anti tana duba takardar aro da ke manne a bayan littafin. Shafi ɗari huɗu ne, amma kwana biyu kawai ya yi a hannunsa.

"Baba, da ka kai ƙarshe me ka tarar?"

"Wane ƙarshe? In an rufe fayil ai an rufe. Sai a mayar da shi kanta."

Matan biyu suka dubi juna.

"Ba shi ba ne," in ji ma'aikaciyar jinyar. Muryarta ta sauka. "Ƙanwarsa ce. Takalminsa ta saka. Ya sani tun farko, ya yi shiru don kada mutanen gari su ƙone ta."

Tsohon ya miƙa hannu, Anti ta ba shi littafin. Ya buɗe wajen ƙarshe, ya karanta a tsaye, yatsansa na bin layi. Ya ɗauki kusan minti biyar. Sannan ya koma shafi na sittin.

"Na sa sunan mutum," ya ce. "Na kuma sa hannu."

"Baba, ai littafi ne," in ji Anti.

"Nawa na rufe haka?"

"Goma sha huɗu muka gani."

Ya zaro katin daga aljihun gabansa, ya ɗora a kan tebur, ya daidaita shi da gefen teburin. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ita fa ba ta ce a kore shi ba, fensirin kawai za a raba shi da shi. Anti ta ce ƙorafi ya riga ya shiga rajista, kuma Baba ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Ya gyaɗa kai. Ta buga hatimi, ta jefa katin a durowa.

"Ba za ka ƙara fita da littafi ba," ta ce. "Amma zama a tebur ba ya buƙatar kati."

"A kawo min duka goma sha huɗun."

Sawu biyu ta yi kafin ta kwaso su. Ta haɗa masa da abin goge rubutu. Ya ture shi gefe, ya ce ba zai goge komai ba sai ya san wanda ya zalunta da wanda bai zalunta ba.

Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauki jakarta ta sauka. Tsohon ya ja kujera a wajen taga, ya jera littattafan bisa kwanan watan da ya sa musu hannu, ya fara da mafi daɗewa.